Shekarar da Inna Ta Ɗauki Garwa

Azumin bana ya zagayo ya faɗo daidai lokacin da albasar iri ke fure a fadamar garinmu. Rabon da ya faɗo a wannan lokaci tun ina 'yar shekara goma sha uku. Ban ma lura ba sai da yayana Sale ya kira ni ran nan bayan la'asar, ina tsaye a kicin ɗinmu na unguwar Bin Mahmud a Doha ina yanka wata albasa mai ruwa-ruwa da na samo da ƙyar a kantin ƙasan bene.

"Asabe," ya ce, "babu gas."

Na ce, "Haba Yaya, ai ni ce zan ba ka labarin babu gas."

Ni da gas muke kwana muke tashi. Aikina a ɗakin gwaji yake, can arewa da Doha, inda ake sanyaya shi ya zama ruwa a loda wa jirage. Kafin jirgi ya tashi sai an kawo mana samfuri mun duba mun sa hannu. To, tun da rikicin nan ya ɓarke aka tsare mashigin teku, jirgi bai shiga ba, bai fita ba. Tankuna sun cika maƙil, babu inda za a kai. Ogan sashenmu ya tara mu ya ce, "Halas, shi ke nan, kowa ya koma gida sai an neme shi." Ga mu nan zaune. In waya ta yi kukan gargaɗi mu ja da baya daga taga, in ta yi shiru mu koma gaban talabijin. A talabijin kuwa manya ne cikin kwat, suna ta taro a kan yadda za a kare tattalin arzikin duniya. Wannan ƙasa za ta buɗe rumbun manta, waccan za ta raka jirage da sojan ruwa, wata na neman sabuwar hanya. Ban ji wanda ya ambaci injin ban-ruwan Yaya Sale ba.

Da fetur ya yi tsada 'yan shekarun baya, manoman rani na wajenmu suka kai injinansu wurin makanike, aka juya su suka koma shan gas ɗin girki. Yanzu mai gas na cikin gari ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Gidan mai guda da ke kusa an ɗaure masa igiya a baki. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma an gauraya shi da abin da Allah kaɗai Ya sani, har ya kashe injin maƙwabcin Yaya. Na tura kuɗi, ya sa su a aljihu yana ta zagaye gari da tukunyar gas a bayan babur. Na ce to a sayi inji mai sola, dillali ya ce kayan suna kan teku.

"Tumatir na sallama shi," in ji Yaya. "Albasar sayarwa ma na sallama. Irin ne ya hana ni barci."

Sai na ajiye wuƙar.

Dole in yi bayanin irin nan, don wanda bai tashi a gidanmu ba zai ce albasa ce kawai. Kakanmu ne ya zo da ita daga wani gari na yamma, ja ce, mai tauri, mai siririn wuya. A garinmu 'yar gidan Malam Audu ake ce mata, sunan Babanmu ke nan. Albasar mutane in ta shiga rumbu, kafin damina ta yi nisa ta fara ruɓa tana wari. Tamu sai ta zauna daram har lokacin da albasa ta ƙare a kasuwa, sannan Baba ya buɗe rumbu. Da ita aka yi mana sutura, da ita aka kai ni makaranta, har na zo na zama wannan mai sa hannu a kan jirage. Amma irin albasa ba ya jimiri. Ba kamar gero ba ne da za ka rataya a soro ka manta. In ya shekara ya ɗan ɗara, ya mutu. Kowace shekara sai an zaɓi kyawawan kawuna an sake binne su, su yi sanda, su yi fure, su ba da sabon iri. Shekara guda in ta kuɓuce, shi ke nan, an rabu.

A waccan shekarar da nake 'yar sha uku, injin bai daɗe da zuwa gidanmu ba. Kafinsa da jigo ake ban-ruwa, wato doguwar sanda mai guga a kai guda da curin laka a ɗayan, a bakin rijiya mai faɗi. Da inji ya zo, sai masu aikin gona suka kafa mana bututu a ƙasa, bakinsa bai fi hannun yaro ba. Ka ɗaura tiyo, ka ja igiya, ruwa ya yi ta bulbula kamar ba zai ƙare ba. Kowa ya yi murna. Rijiyoyin nan aka cike su da ƙasa, wai suna cin fili, kuma awaki na faɗawa. Jigon gidanmu ni da kaina na ga Inna ta hura wutar tuwo da shi.

Wahalar mai ta shigo mana a hankali. Da farko galan ya ƙara kuɗi, Baba ya yi tsaki ya saya. Sai ya zama sai an je cikin gari. Sai ya zama ko a cikin garin ma sai layi. Rediyon Baba na cewa yajin aiki ne, gobe ya ce matatar mai ce ta lalace, jibi ya ce 'yan sumoga ne. Mu dai abin da muka sani, ana gobe azumi Yaya Sale ya ɗaura jarka a bayan keke ya tafi layi, lokacin yana saurayi ana maganar aurensa, kuma bai dawo ba sai aike yake yi cewa yana nan, layin bai motsa ba.

Ga zafi. Sanyi ya ɗauke da wuri a shekarar, bazara ta faɗo mana gaba ɗaya. Tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Iska in ta taso kamar daga bakin murhu take. Kananzir ma ya ɓace, muka koma aci-bal-bal da man gyaɗa, shi ma Inna ba ta barin sa ya daɗe. A yi sahur da ɗumamen tuwo da miyar kuka, a kora da ruwan randa, a yi sallah, Baba ya saɓa fartanya ya nufi fadama kamar akwai abin da zai yi da ita. Ni nake bin sa da buta da tabarma, don Yaya ba ya nan, ƙannena kuma ƙanana ne.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, ruwan yana nan. Baba zai tsuguna ya kara kunne a bakin bututu, ya jefa tsakuwa, mu ji ƙwal! Ga shi nan ƙasa kaɗan, bai fi tsayin mutum uku ba. Amma ta ina guga zai shiga? Mun ɗaura gwangwanin madara a igiya mun zura, ya fito da abin da bai isa alwala ba. Maza suka gwada tono tsoffin rijiyoyin, ƙasar da aka cike su da ita ta yi ta rufta musu, har ta kusa binne wani. Injin kuwa yana zaune ƙarƙashin giginya an lulluɓe shi da buhu, ja jawur, sabo fil. Wallahi akwai ranar da na ji kamar in ɗauki dutse in farfasa shi.

Fadama ta yi tsit. Da, tun asuba ba ka jin komai sai ƙarar injina daga wannan gona zuwa waccan. Yanzu sai kukan kurciya. Ganyen tumatir ya fara naɗewa, 'ya'yan suka yanƙwane tun suna kore. Alkama ta yi fari ba ta cika ido ba. Lawashin albasa ya kwanta. Ƙasar fangali, wato 'yan gadajen da ake shuka a ciki, ta tsattsage har kana iya zura yatsa.

Wata safiya Baba ya zagaya gonar kaf, hannu a baya. Ya tsaya kan tumatir, ya wuce. Ya tsaya kan alkama, ya murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ya hure, ya wuce. Albasar sayarwa ita ya fi daɗewa a kanta, don ita ce abincinmu na shekara. Ita ma ya wuce. Sai da ya iso kusurwar gabas, inda albasar iri take, fangali huɗu, ta yi sanduna har ƙuguna, kowace da farin kai dunƙule, ƙudan zuma na ta shawagi.

"Wannan za mu riƙe," ya ce. "Sauran na bar wa Allah."

"Baba, da wane ruwan?"

"Da kanmu."

Kogin garinmu da rani rairayi ne zalla. Amma in ka yi tono a tsakiyarsa, ruwa na tsattsafowa a hankali. Daga can zuwa gonarmu akwai tafiya, kuma rabinta cikin rairayi ne mai cinye ƙafa, sannan hawan gaɓa. Baba ya tona rami, muka jira ya taru, muka kwasa da ƙwarya muka cika garwa. Shi ya rataya biyu a sanda bisa kafaɗa, ni na naɗa gammo na ɗauki ɗaya. Garwa, in ba a sani ba, gwangwanin kananzir ne babba mai kusurwa huɗu. Bakinsa yana yanka yatsa, ruwan yana tangaɗi yana zubo maka a wuya. Kana azumi, ruwa na bin bayanka yana jiƙa maka zane, maƙogwaronka kuwa kamar an zuba toka. In ka iso ka juye a fangali, ƙasa ta yi cuuu ta shanye, ka duba ka ga kamar ba a zuba komai ba.

Haka muka yi ta yi, daga sallar asuba har rana ta take, mu fake a gindin giginya, in la'asar ta yi sanyi mu koma. Wuyana ya sanƙare, ban iya waiwaye sai da jikina duka. Kafaɗar Baba ta sale, Inna na shafa masa man kaɗe da an sha ruwa. Buɗa-bakinmu kunun tsamiya ne da ɗan ƙosai in an samu, daga baya ƙosan ma ya ɗauke, don injin niƙa ya tsaya, wake sai a dutse. Mu biyu muka kasa. Fangali ɗaya na sha, uku na jira, kafin mu zagayo kan na farko ya sake bushewa. Furen gefe ya fara yin ruwan ƙasa.

Innarmu matar kulle ce. Tun da aka kawo ta gidan, rana ba ta taɓa ganin ta a waje ba sai da dalili mai ƙarfi, shi ma da lulluɓi har ƙasa. Ranar da Baba ya yi mata maganar ina wanke kofunan kunu a bakin rariya. Ya tsaya a ƙofar ɗakinta, ya yi gyaran murya ya fi sau nawa, sannan ya ce, "Uwar gida, abin ya fi ƙarfinmu ni da yarinyar nan. Ko za ki fito?"

Inna ta ce, "To, Malam."

Abin da Baba bai sani ba, ni ma ban sani ba, Inna na da ciki. Ta ɓoye. Mace ce da ɗanta na fari ya isa aure, har an kai gaisuwa, ita kuma ga ciki. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa, har mijinta. Ga ta doguwa mai jiki, tana ɗaura zane sama, tana yafa babban mayafi. Azumin ma ba ta sha ko ɗaya ba, don in ta sha za a tambayi dalili. Da ta ce masa "ba ni da lafiya" kawai, wallahi Baba ba zai bari ta taɓa garwa ba. Amma ina! "To, Malam" ta ce.

Washegari muka fita mu uku. Maza a hanya suka riƙa sunkuyar da kai suna ba ta hanya, wasu suka juya baya gaba ɗaya. Inna ba ta dubi kowa ba. Ta naɗa gammo ta ɗauki garwa kamar dama aikinta ke nan, kuma ta fi ni sauri. In na tsaya ina haki ta ce, "Ke Asabe, taka mana, rana na yi." Da ita ruwan ya fara isa. Furen da ya sunkuya ya ɗago. Har Baba ya fara ɗan murmushi. Ni dai na lura tana yawan tsayawa a gindin gaɓa ta dafa ƙugu, na ɗauka nauyin garwa ne, don ni ma nawa ƙugun ciwo yake.

Azumi ya raba tsakiya muna haka. Ranar da abin ya faru an tashi da wani irin zafi mai nauyi, ko ganye ba ya motsi. Hantsi ya ɗaga, muna hawan gaɓa, tana gabana. Sai na ga garwarta ta karkace. Ba ta yar ba, don Allah ku ji, sai da ta durƙusa ta sauke ta a hankali kada ruwan ya zube, sannan ta kwanta a gefenta. Na ga jini yana bin ƙafarta yana shiga rairayi.

Na kurma ihu. Baba ya watsar da sanda ya rugo. Ya dube ta, ya dubi jinin, ya ce, "Innalillahi! Uwar gida, mene ne wannan?"

Ta rufe fuska da mayafi. Ko a lokacin kunya take ji.

Aka ɗauke ta a amalanke zuwa gida. Goggo Ladi ungozoma ta shiga ta fito ta ce wannan ya fi ƙarfinta, jini ya ƙi tsayawa, sai asibiti. Asibiti kuwa sai cikin gari. Mota guda ce a garinmu, wata a-kori-kura, ita ma tana ƙarƙashin dalbejiya tun farkon wahalar, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Direban ya zo ya tsaya a zaure yana murza hula, ya ce ko ɗigo babu a tankinsa.

Ana cikin haka sai ga Yaya Sale ya turo keke. Ya rame, ya yi baƙi, idonsa ya faɗa, leɓensa duk ya fashe. A bayan keken ga jarka da galan guda a ciki, abin da ya samu ke nan bayan duk kwanakin nan a layi. Yana shigowa yana cewa, "Baba, an samu! A tayar da inji!" Bai san abin da ake ciki ba.

Galan ɗin nan zai shayar da fangalin iri har ya nuna, har a ɗan taɓa albasar sayarwa. Kowa a zauren ya san haka. Baba ya karɓi jarkar. Na ga ya juya ya dubi wajen fadama. Sau ɗaya ne, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, sannan ya miƙa wa direba ya ce, "Zuba, mu tafi." Amma na gani. Na yi shekaru ina jin haushin Baba saboda wannan kallo, ina gaishe shi ina cin tuwonsa ina jin haushinsa. Sai da na girma, na ga yadda ake rasa abin yi, sannan na sauke. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe mana baki ɗaya.

Inna ta rayu. Cikin bai rayu ba. Ta yi kwanaki a asibiti ana ƙara mata jini, Baba da Yaya suna can wurinta. Ni aka bari da ƙanne da garwa. Na fita da asuba ni kaɗai ina kuka, na san aikin banza nake yi. Ina isa kogi sai na tarar da mata. Matan unguwarmu ne, na kulle, wasu ko muryarsu ban taɓa ji a waje ba, kowace da tulu ko bokiti ko ƙwarya. Goggo Ladi ce ta bi gida-gida. Ta ce mini, "Rufe mana baki, ja mu ki nuna mana wurin." Mazansu ba wanda ya hana. Suka jera tun daga rami har gona, ana miƙa ruwa hannu da hannu, ana azumi, ana tsokanar juna wai wance ba ta san hanyar kogin garinsu ba. Haka suka yi ta fitowa har kawunan suka bushe suka fara buɗewa, baƙin iri ya leƙo.

Bayan sallah Baba ya yanke kawunan, aka shanya, aka murje, aka sheƙe. Abin da aka samu bai cika ƙwarya biyu ba. Ya ƙulla kaɗan-kaɗan a tsumma ya aika wa kowane gida da matarsa ta fito. Daminar shekarar mun sha wuya, mun ci tafasa da rama har sun fita ranmu, an sayar da tumakin Inna, auren Yaya sai da aka ɗaga. Maganar cikin kuwa ba a sake yin ta a gidanmu ba. Inna ta dawo, ta koma ɗakinta, ta ci gaba da tuƙa tuwo.

Duk wannan ya dawo mini ina tsaye a kicin, waya a kunne. Na tambayi Yaya sauran gidajen da aka ba irin. Ya ce ai tuni suka koma na gwangwani da na leda, wanda ake kawowa daga waje, mai saurin girma. Wanda ya rage a duniya shi ne wanda ke kusurwar gabas, kuma rabonsa da ruwa an kwana biyu.

"To yanzu me za ka yi?"

"Abin da aka yi wancan karon. Na tona rami a kogi. Sai dai gwiwar nan tawa, kin san ta. Yaran duk suna birni. Daga ni sai matata sai matar Habibu." Habibu ɗansa ne.

Nan na hau. Na ce, "Yaya, kada ka soma! Kada ka kuskura ka ɗora wa matar kowa garwa. Ka tambaye su ma lafiyarsu? In ka tambaya za su faɗa maka? Albasa ce fa! A bar ta ta mutu mana. Ni zan riƙe gidan, wallahi zan riƙe, ko aikin nan ya tsaya zan nemi wani. Ka bar shi ya bushe, na roƙe ka don Allah."

Maigidana ya leƙo daga falo ya ce, "Lafiya, Maman Hanifa? Maƙwabta za su ji." Na ɗaga masa hannu. Ina magana hawaye na zuba, kuma ba na albasar da nake yankawa ba ne.

Sai Yaya ya ce, "Ga Inna, tana jin ki. Na sa a sifika."

Inna ta tsufa ƙwarai yanzu, ido ɗaya ya yi hazo, tana tafiya da sanda. Na gaishe ta, na yi mata ya ibada. Ba ta amsa gaisuwar ba.

"Asabe."

"Na'am, Inna."

"Ke ce kika ce a bar shi?"

"Inna, ai don lafiyarku ne. Kin san abin da ya faru..."

"Ni zan fi ki sani." Ta yi tari. "Namiji ne. An nuna mini shi a asibiti, da 'yan yatsunsa da komai. Ko Malam ban faɗa wa na gani ba, har ya koma ga Allah. Ba a raɗa masa suna ba, ban san inda suka sa shi ba. Ba ni da wurin da zan je in tsaya in ce nan yake. Sai dai duk shekara in albasar nan ta yi fure, in sa yayanku ya tsinko mini kai ɗaya, in riƙe, in ce bana da ya kai kaza. Da yanzu yana da iyali."

Shekara talatin da 'yan kai ina ganin farin furen nan a kan faifanta, na ɗauka sha'awa ce.

"Ku can kun rufe teku ko an rufe muku, ni ban sani ba," ta ce. "Matan gidan nan na tambaye su da bakina, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaki. Matar Habibu ba za ta fita ba. Ni zan fita a madadinta."

"Inna, don girman Allah! Ko masallacin ƙofar gida ba kya kaiwa sai an riƙe ki."

"To a riƙe ni."

Na ji motsi, na ji ƙarar sandarta tana nisa. Yaya ya dawo kan wayar, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce tun jiya ta sa aka ciro mata tsohon zane ta naɗa gammo. Ya hana ta, ta ce in ya sake magana ba ta yafe ba. Ya ɓoye garwa, ta aika maƙwabta aro.

"Asabe, ke take jin maganarki wani lokaci. Me zan yi?"

Ladanin masallacin layinmu ya fara kiran magariba. Su a can rana ba ta faɗi ba tukuna, da sauran azumi a bakinsu. Maigidana ya ajiye mini dabino da kofin ruwa a gefen wurin wanke-wanke, ya koma falo. Na daɗe ina neman wata dabara, wani da zan kira, wata hanya da tukunyar gas guda ɗaya za ta fita daga ƙasar nan ta isa fadamarmu kafin jibi. Babu.

Na ce, "Yaya, ka ɗora ta a babur har bakin gaɓa, kada ta taka rairayin nan. Ka sa ta sha ruwa, ka ce malamai sun yarda wa tsofaffi."

"To."

"Kuma ka ɓoye garwar aron. Ka ba ta ƙaramin bokiti."